Ɗana yana da galahanga: ina zan samo abincin da babu alkama, babu madara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa biyar, tun yana shekara uku likitoci suka tabbatar yana da galahanga, wato abin da ake kira autism da Turanci. Wata ƙawata da ɗanta ke da irin lalurar ta ce in cire masa duk abin da aka yi da alkama da duk abin da ke da madara, wai zai fara magana kuma ya rage fushi. To shi ba abin da yake ci sai burodi da shayi mai madara, da Indomie, da biskit, sai tuwon shinkafa jefi-jefi. Na shiga manyan kantuna a nan Kano na ga kayan da aka rubuta babu gulutin a jikinsu, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Ina zan samo abin da zan riƙa ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ladan ɗawainiya, ya raya mana shi.

Ki kwantar da hankalinki kan maganar kanti. Waɗancan kayan an yi su ne domin mutanen da duk cimarsu ta tsaya a kan alkama, daga karin kumallo har abincin dare, in an cire musu ita sai su rasa abin kaiwa baki. Mu ba haka muke ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, tamba, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, waken soya, babu ɗaya daga cikinsu da ke da gulutin. Abin da mai kanti zai sayar miki a ƙaramin kwali da tsada, shi ne za ki auna da kwano a Dawanau ko Kasuwar Rimi. Neman abincin shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin nan. Abin da ya fi damuna, a matsayina na wadda aikinta ke nan, tsara cimar yara, shi ne abin da yaron zai rasa idan aka cire masa madara, da kuma yadda za a yi da yaron da abincinsa gaba ɗaya bai wuce kala huɗu ba, alhali uku daga ciki su ne ake so a hana shi.

Amma kafin nan, ya kamata ki san gaskiyar abin da ƙawarki ta faɗa miki, don kada ki sa rai a inda ba a yi alkawari ba.

Gulutin shi ne danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, ya miƙe idan an ja shi. Yana cikin alkama, da sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi kuwa na madara sunansa kesin, shi ne furotin ɗin da ke daskarewa idan nono ya yi barci ya zama kindirmo. Tun wajen shekarar 1979 wasu masana suka kawo tunanin cewa wataƙila ɓarɓashin waɗannan furotin biyu, idan ba su narke sosai ba, suna ratsa hanji su shiga jini su taɓa ƙwaƙwalwa. Tunanin ya yi daɗin ji, iyaye suka rungume shi, kuma har yau yana yawo. Da aka zo gwaji sai abin ya ƙi tsayuwa. A 2008 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta samu gwaji biyu kacal da suka cika sharaɗi, yara 35 ne duka a cikinsu, ta ce hujjar ba ta isa ba. Wani binciken da aka yi a Denmark aka buga a 2010 ya ga ɗan sauyi a wasu yaran, sai dai iyayen sun san abin da 'ya'yansu ke ci, kuma uwar da ta sha wahalar girki na musamman wata da watanni dole idonta ya nemi sauyi. Wanda ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Rochester ta Amurka, da aka buga a 2016. Yara 14 ne, masu shekara uku zuwa biyar. An cire musu alkama da madara tsaf, sannan duk mako a ba su wani ɗan abin taɓawa, wani lokaci da gulutin a ciki, wani lokaci da madara, wani lokaci duka biyun, wani lokaci babu ko ɗaya, kuma daga iyayen har masu lura ba wanda ya san wanne aka bayar. Ba a ga bambanci ba, ko a ɗabi'a, ko a barci, ko a bayan gida. Yaran kaɗan ne, na yarda, amma gwajin ya tsaru. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, tun 2013 ta ce kada a yi amfani da irin wannan cirewar a matsayin maganin ainihin alamomin galahanga.

To me ya sa wasu iyayen suke rantsuwa sun ga sauyi? Ba na ƙaryata su, don ni ma na gani. Yara masu galahanga sun fi sauran yara fama da matsalar ciki, musamman taurin bayan gida, da kumburi, da gudawa. Yaron da ba ya iya cewa cikina na ciwo, da ihu zai faɗa, ko da buga kai, ko ki ga yana danna cikinsa a hannun kujera, ko ya farka tsakar dare yana kuka ba dalili. Idan madara ce ke murɗa masa ciki aka cire ta, zai yi barci, zai rage fushi, zai zauna a koya masa abu. Galahangar tana nan, ciwon cikin ne ya tafi, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Wani yaron kuma ba alkamar ce ta dame shi ba, sai dai da aka cire biskit da kek da lemon kwalba, aka koma wake da miyar ganye, sai bayan gidansa ya saki.

Saboda haka akwai abubuwa uku da nake so likitan yara ya duba miki tukuna. Na farko cutar siliyak, wadda jiki ke yaƙar hanjinsa da kansa duk lokacin da aka ci gulutin. Tana kama kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, kuma ba cutar Turawa ba ce kawai kamar yadda ake ɗauka da: a 1999 an samu kashi 5.6 cikin ɗari na yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da aka gwada suna da ita, adadin da ya fi na ko'ina da aka sani. Gwajin jini ne, sunansa tTG-IgA. Ki riƙe wannan da kyau: sai yaro yana cin alkama ake yin gwajin. In kika cire ta yau kika je asibiti bayan wata biyu, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan. Iyaye da yawa sun zo mini bayan sun riga sun cire, sai mun sa an mayar wa yaro da burodi na makonni kafin a ɗebi jini, ga shi kuma an sha fama kafin a raba shi da shi. Na biyu, ko jikinsa ba ya karɓar furotin ɗin madara, wanda kan zo da borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, ko shaƙewar numfashi. Na uku, ko sukarin madara ne kawai cikinsa ba ya narkarwa. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, in ka ɗebe Fulani da yawansu suka gaji iya narkar da shi har girma, kuma a irin shekarun ɗanki yake fara bayyana. Bambancin yana da amfani ƙwarai, domin in sukarin ne matsalar, sau da yawa kindirmo kaɗan ba ya damun yaro, tunda tsamin ya cinye wani kaso na sukarin. Ke nan ba sai an rufe ƙofar nono gaba ɗaya ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashen yara, akwai kuma masu ba da shawara kan abinci. Ki nemi a haɗa ki da su.

Yanzu ga amsar tambayarki. In dai kin yanke shawarar gwadawa, tukunyarki ba za ta sauya sosai ba. Tuwon shinkafa, na masara, na dawa, na gero, da kowace miya tamu: kuka, kuɓewa, taushe, zogale, karkashi, ayayo. Shinkafa da wake, dafa-duka, faten wake, faten doya, faten tsakin masara ko na acca, dambun shinkafa. Da safe koko da ƙosai, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, alale, dafaffen ƙwai, soyayyen dankali. Nama, kifi, kaza, 'ya'yan itace duka halal ne a wannan tsarin. Waina da sinasir su ne burodinmu na shinkafa, kuma su nake fara kawowa yaron da ya saba da burodi, saboda laushinsu da farinsu sun yi kusa da abin da ya sani.

Inda ake faɗawa rami shi ne abincin da ba a zaton akwai alkama a ciki. Kowa ya san burodi, gurasa, fanke, cincin, alkaki, funkaso da taliya. Amma mata da yawa ba su ɗauki tuwon semo a matsayin alkama ba, alhali Semovita da tsakin alkama ake yin ta, haka kuskus na leda. Ɗanwake, sunansa ya ce wake, amma na yanzu akasari fulawa ce ta fi yawa a kwaɓin. In za ki yi masa, ki koma na asali, garin wake da na rogo da kuka da ɗan ruwan kanwa. Mai waina ta bakin titi takan zuba fulawa a ƙullu don ya yi auki, kuma ba za ta ga laifin hakan ba balle ta faɗa miki. Garin kunun da ake haɗawa a sayar a roba, mai gero da dawa da waken soya da gyaɗa, sau da yawa da alkama a cikinsa, don ana ganin ita ce ke sa ƙiba. Mai ƙosai takan soya fanke a man da ta soya ƙosan. Lemon malt da garin shayi mai cakulan galibi akwai tsiron sha'ir a cikinsu, shi garin kuma har da madara. Wasu dunƙulen ɗanɗano ana haɗa su da garin alkama, wasu ba a haɗawa, sai kin karanta. In kin gaji da karatu, daddawa da albasa da busasshen kifi sun ishe ki. Shi kuwa hatsin oats asalinsa ba ya cikin ukun nan, sai dai yakan gauraya da alkama tun daga gona har masana'anta.

Sai injin niƙa, wanda ba za ki taɓa ganin an ambace shi a shawarwarin da ake kwasowa daga waje ba. Injin unguwa da ya gama niƙa wa maƙwabciyarki alkamar funkaso, shi ne zai karɓi masararki ba tare da an wanke ba. In gwaji kawai kike yi, wannan ɗan gaurayen ba abin tayar da hankali ba ne. In kuwa an tabbatar da siliyak, to magana ta sauya, domin ƙa'idar duniya ta abincin da ake kira marar gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, kuma ragowar garin da ya maƙale a bakin inji ya isa ya wuce haka. Abin da nake ce wa iyaye shi ne su nemi mai inji guda su yi masa bayani, su ƙara masa ɗan wani abu ya kwance ya wanke, a fara zuba ɗan kaɗan a zubar da farkon abin da ya fito, sannan a niƙa da yawa lokaci guda yadda zai kai wata. Rariya da muciya da kwanon kwaɓi ma a ware masa nasa.

Ta ɓangaren madara ma akwai masu ɓuya. Man shanun da ake zubawa a tuwo, nono ne asalinsa, kuma yakan zo da ragowar furotin. Man gyaɗa ko manja su maye gurbinsa. Tuwon madara, gullisuwa, yogot, ayis kirim, cuku, waɗannan a fili suke. Kunun gyaɗa da kunun aya na sayarwa sau da yawa an zuba musu madarar gari don su yi gardi. Farin garin shayin nan da ake cewa ba madara ba ne, da yawansa akwai kesin a ciki. Madarar da aka rubuta an cire mata laktos, sukarin kawai aka cire, furotin ɗin yana nan. Nonon akuya da na tunkiya ba mafita ba ne, kesin ɗinsu ɗan'uwan na saniya ne, yaron da jikinsa ya ƙi wancan yakan ƙi wannan. Kuma tunda na san za a kawo miki tallar nonon raƙumi, don ana yayata shi a matsayin maganin galahanga: shi ma akwai kesin a cikinsa, babu hujja mai ƙarfi cewa yana warkarwa, kuma masu tallar sukan ce a sha shi ɗanye, wanda hanya ce ta kamuwa da zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi, mai daɗewa a jiki. Duk nonon da zai shiga bakin yaro a tafasa shi.

In za ki sayi abu na leda ko gwangwani, ki juya bayansa ki duba jerin kayan haɗi, kada ki tsaya a kan abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba. Kalmomin da za ki nema da Turanci su ne wheat, semolina, barley, malt, rye, sai milk solids, whey, casein da caseinate. Kayan da suka shigo ta Nijar ko Kwatano da Faransanci za ki gan su: blé, orge, lait. Kamfani yakan sauya haɗinsa ba sanarwa, don haka abin da kika karanta bara ki sake karanta shi bana.

Bari in daɗe a kan ƙashi, don nan ne tsorona yake. Yaro mai shekara biyar yana bukatar sinadarin kalsiyam miligiram 600 a rana bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, Amurkawa ma har 1,000 suke cewa. Kofi ɗaya na madara yana ba da kusan 300. Cimarmu ta hatsi ba ta da kalsiyam sosai, kuma dusar hatsin tana riƙe ɗan wanda ke akwai ta hana hanji tsotsa. Ba labarin nesa nake ba ki ba. A Jos aka yi binciken da aka buga a 1999, kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, aka tarar abin da suke samu a rana bai wuce kimanin miligiram 200 ba, kuma ƙasusuwansu sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ga rana, wadda ke sa jiki ya samar da bitamin D, tana dukanmu shekara zagaye, amma ƙafafun yara na baka saboda tuwo ba madara. A Amurka kuma, wani bincike na 2008 ya auna ƙashin hannun yara maza masu galahanga, ya ga ya fi na sa'anninsu siranta, kuma sirantar ta fi tsanani a waɗanda aka cire wa madara. Ɗanki, da ɗan abin da yake ci, da wuya in ba shayin nan mai madara ne babbar hanyar kalsiyam ɗinsa ba. In aka cire shi ba a sa komai a gurbinsa ba, garin neman gira za a rasa ido.

Mutane za su ce miki ki ba shi madarar waken soya ko kunun aya. Ki ba shi, suna da amfaninsu, amma fari ba ya nufin kalsiyam. Madarar soya ta gida tana da furotin mai kyau, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Ta kwali ce ake ƙara mata, shi ma sai in an rubuta. Kunun aya bai da ko furotin ɗin kirki, abin sha ne na marmari. Awara ma haka: a littattafan waje za ki ga an sa ta cikin masu kalsiyam, saboda can da gishirin kalsiyam ake daskarar da ita, mu kuwa da ruwan tsami ko tsamiya muke yi. Inda za ki samu a gida shi ne garin kuka, da zogale, da riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, da tamba, wadda ta fi duk hatsinmu kalsiyam nesa ba kusa ba, wajen miligiram 340 a giram ɗari; daga Filato da kudancin Kaduna ake kawo ta, kuma kununta yana da daɗi. Wanda ya fi su duka shi ne ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu a zuba a miya, da kifin gwangwani mai ƙashi mai laushi. Masu binciken Jos ɗin nan daga baya sun gwada dakakken kifi a kan yara masu lanƙwasar ƙafa, ya yi aiki. Duk da haka, zan faɗa miki abin da na gani a aikace: yaron da ke ƙin miya saboda kalarta ba zai ci kukar da za ta kai shi 600 ba. Mafi yawan irin yaran nan sai likita ya rubuta musu kalsiyam na sha, wani lokaci da bitamin D. Ki nemi a rubuta masa tun ranar da kika cire madarar, kada ki jira sai ƙafa ta nuna.

Wani ɗan ƙarin: tun 2002 doka ta wajabta a ƙara bitamin A a fulawar da ake sarrafawa a Nijeriya, ana kuma ƙara mata sinadarin ƙarfe da wasu bitamin. Garin da kika kai inji da kanki ba shi da wannan ƙarin. Hanta sau ɗaya a mako, ƙwai, manja, karas, gwanda da mangwaro za su cike. In kuma an taɓa cewa yana da tamowa aka ba shi abincin leda mai gyaɗa na asibiti, akwai madara a cikinsa, amma kada ki hana shi sai likita ya ce. Tamowa ta fi gaggawa.

Sai yadda za a yi da shi kansa yaron. Zaɓen abincin yaro mai galahanga ba shagwaɓa ba ce. Bakinsa da hancinsa suna jin abin da namu ba sa ji: yauƙin kuɓewa, gudajin da ke cikin kunu, ƙamshin daddawa, na iya zame masa azaba. Yana son biskit ne saboda na yau da na gobe duk ɗaya ne, ba ya ba shi mamaki. Maganar da za ki ji daga manya, cewa a ƙyale shi in ya ji yunwa zai ci, tana aiki a kan sauran yara, amma irin ɗanki zai iya kwana biyu bai sa komai a baki ba. An taɓa kawo mini wani yaro da aka cire masa komai rana ɗaya, cikin 'yan makonni wuyansa ya fito, abincin da yake karɓa ya koma ruwa da farar shinkafa. Ɗura kuwa kada ma a fara, tana sa yaro ya tsani cokali, kuma abinci na iya sarƙe shi ya faɗa huhu.

Don haka a wurina tsarin shi ne a ƙara kafin a rage. Ki bar masa burodinsa da Indomie ɗinsa yanzu, ki fara gina sababbi a gefensu. Ɗan yankin sinasir kamar girman ƙwayar dabino a gefen faranti, ba a ce masa ci ba. Yau ya ture, gobe ya taɓa, wata rana ya sansana. Sau goma, sau goma sha biyar, wani abincin ya fi haka, kafin ya kai baki. Ki bi abin da ya riga ya so: tunda yana cin Indomie, siririyar taliyar shinkafa, wadda ita kaɗai ce zan ce ta cancanci ki shiga kanti dominta, a dafa ta a kwanon da ya saba, da kalar da ya saba. Tunda yana son abu mai ƙaras-ƙaras, ga gugguru, ga dankalin Hausa da aka yanka siriri aka soya, ga kantu. Shayin kuma a riƙa surka madararsa da ta soya kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya wannan makon, biyu mako mai zuwa. Abu ɗaya da zan hana ki: kada ki ɓoye sabon abu a cikin tuwon shinkafar nan da yake yarda da shi. In ya gano, kuma zai gano, zai daina cin tuwon gaba ɗaya. Sai ya karɓi sababbin abinci biyar ko shida tukuna za a yi maganar cire tsofaffin.

Idan lokacin ya yi, ki yi gwajin yadda zai ba ki amsa ta gaskiya. Ki sayi ƙaramin littafi. Mako biyu kafin ki cire komai, ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya yi barci, sau nawa ya farka, ya yi bayan gida ko bai yi ba, da tauri ko da ruwa, sau nawa ya yi fushin da ya kai ga faɗuwa ƙasa. Sannan ki cire abu ɗaya, ba biyu ba. Ni da madara nake farawa don an fi saurin ganin tasirinta. Mako huɗu zuwa shida, kina ci gaba da rubutu, kuma a wannan tsakanin kada a fara sabon magani ko a sauya masa makaranta, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aikin ba. In da hali kada ki gaya wa malamarsa ko mai koya masa magana ranar da kika fara, ki bari sai daga baya ki tambaye ta ko ta ga wani abu. Daga nan ki mayar da madarar ki gani. In matsalar ta tafi da aka cire, ta dawo da aka mayar, kin samu amsa. In littafin bai nuna komai ba, ki mayar masa da shayinsa da zuciya ɗaya, ba ki gaza ba. Wanda kawai ba a yi wa wannan mayarwar a gida shi ne yaron da ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya shaƙe bayan shan madara. Nasa sai a gaban likita. Bayan an gama da madara sai a bi alkama da irin wannan matakin. Duk wata a ɗora shi a sikeli, in nauyi ya fara sauka a dakata. Kuɗin koyar da magana da na makaranta kuma kada a taɓa su saboda abinci.

Ki shirya wa mutanen gida ma. Kakarsa za ta ga kamar ana horar mata da miji ne, ta miƙa masa biskit a ɓoye, kuma ba za ki iya yi mata faɗa ba. Abin da ya fi shi ne ki ajiye mata robar gugguru ko dabino a ɗakinta, ki ce Hajiya ga nasa, in ya shigo a ba shi wannan. A Islamiyya ki haɗa shi da abin tara daga gida, ki sanar da malamin. In kuwa an yi kuskure ya ci cincin a gidan suna, in dai ba siliyak ba ce ko kumburi, ki rubuta ranar a littafin, ki duba yadda ya kwana.